Tambaya da Amsa: Wa Zai Duba Mini Tsohon Gida Kafin In Biya Kuɗi?

Wasiƙun da suka iso wa wannan fili a 'yan makonnin nan sun karkata ga batun sayen tsofaffin gidaje a birnin Sakkwato. Mun zaɓi uku daga cikinsu, mun taƙaita su, kuma mun sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikacin gwamnati ne da ya kusa ajiye aiki, kuma na samu gida a Runjin Sambo wanda aka ce an gina shi a farkon shekarun 1980. Ginin bulo ne, ɗakuna huɗu da falo, an yi masa sabon fenti. Dillali ya zo da wani birkila wanda ya zagaya da ni, ya bubbuga bango, ya ce gidan garau yake. Sai dai na ga wata tsaga da ta tashi daga kusurwar taga ta yi sama a karkace, an cike ta da siminti. Ina kuma da burin ɗora bene nan gaba saboda yara. Ɗana ya ce in nemi injiniya, abokina ya ce mai zanen gini, wani kuma ya ce safiyo. Wa ya kamata in kira, kuma yaya zan gane na gaskiya? Abin da na tara ne tsawon rayuwar aikina.

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya sa a ajiye aiki lafiya, ya kuma sanya albarka a cikin abin da aka tara.

Zan fara da birkilan da dillali ya kawo, domin a nan ne mafi yawan masu saye suke yin asara. Ba na zarginsa da ha'inci, kuma mai yiwuwa ne gwani ne a sana'arsa. Amma dillali ba ya samun la'adarsa sai ciniki ya faɗa, shi kuwa birkila yana sa ran idan ka saya shi za ka ba aikin gyara, don haka su biyun babu wanda zai amfana da gaya maka cewa ka fasa. Wanda zai duba maka gida dole ne ya zama kai ka nemo shi, kai za ka biya shi, kuma a yanke ladansa tun farko ta yadda zai karɓi abu ɗaya ko an saya ko an fasa. Ina ma ba ka shawara ka shaida masa tun kafin ya taka gidan cewa ba shi za ka ba kwangilar gyara ba, domin wanda ke jiran aikin gyara yana iya ƙanƙanta aibi don ka saya, ko ya kambama shi don aikin ya yi kauri.

Game da wanda za ka kira, ɗanka ne ya yi daidai. Tsagar da ka bayyana da kuma niyyar ɗora bene duka tambayoyi ne a kan ƙarfin gini da nauyin da zai iya ɗauka, wannan kuwa fagen injiniyan gine-gine ne wanda ya ƙware a lissafin harsashi da ginshiƙai da kankare. Hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya ita ce COREN, wadda aka kafa da dokar soja a 1970, kuma duk wanda ta yi wa rajista yana da lamba da hatimi, ana kuma iya tantance sunansa a shafinta na intanet. Sai dai ka lura cewa hukumar tana yi wa injiniyoyi na kowane fanni rajista, har da na lantarki da na injuna, don haka bai wadatar ba mutum ya ce maka yana da rajista. Ka tambaye shi a wane fanni, ka kuma roƙe shi ya nuna maka rahoton wani tsohon gida da ya taɓa dubawa, ko da ya rufe sunan mai shi. Mutumin da ya shafe shekaru yana aikin hanya da kwalbati injiniya ne na gaske, amma idonsa bai saba da cututtukan tsohon gida ba.

Sauran da aka ambata maka kowa da inda yake da amfani. Mai zanen gini, wanda hukumar ARCON ke yi wa rajista, za ka buƙace shi ranar da za ka sauya fasalin gidan. Ƙwararren maginin zamani mai rajista da hukumar CORBON ya san ingancin aiki da kayan aiki, kuma da a ce gidan ba shi da wata alama mai tayar da hankali, ba ka kuma da niyyar bene, da shi kaɗai ya ishe ka. Safiyo kuwa iri biyu ne da ake yawan rikita su: akwai mai auna fili ya tabbatar da iyakoki, wanda ke ƙarƙashin SURCON, akwai kuma mai ƙiyasta darajar gida a kasuwa, wanda ke ƙarƙashin ESVARBON. Babu ɗaya daga cikinsu da zai iya ba ka hukunci a kan ko bango zai tsaya.

Yanzu bari in daɗe kaɗan a kan tsagar, domin idan ka fahimci abin da ake nema a cikinta za ka iya gane mai duba na gaskiya daga tambayoyin da yake yi. Kusan babu tsohon gida a Sakkwato da ba shi da tsaga. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, sannan sanyin hunturu ya zo ya takura komai, filasta tana buɗewa tana tsukewa shekara da shekaru har ta yi ƙananan tsage-tsage siraran gaske waɗanda ba su wuce fatar bango ba. Waɗannan ba su hana saye. Tsagar da ke tashi daga kusurwar taga ko ƙofa ta tafi a karkace dabam take, musamman idan ta fi faɗi a ƙarshe ɗaya, kuma ana ganinta ta ciki da ta waje a wuri guda. Irin wannan galibi tana nuna cewa wani ɓangare na harsashin ya zauna fiye da sauran. Abubuwan da ke jawo haka sanannu ne: ƙasa mai yumɓu wadda ke kumbura da damina ta tsuke da rani, ko sokawe da ke tsiyaya kusa da gini, ko ruwan kwata da ya daɗe yana kwanciya a gindin bango, ko saiwar babban itace irin dogon yaro da aka shuka dab da ɗaki don inuwa. A ma'aunin da injiniyoyi ke amfani da shi, tsagar da ba ta kai milimita 2 ba yawanci batun kwalliya ce, wadda ta haura milimita 5 tana buƙatar a binciki dalilinta, wadda kuwa ta kai milimita 15 zuwa 25 babban al'amari ce. Amma abin da ya fi faɗin muhimmanci shi ne a san ko tsagar ta tsaya ko har yanzu tana tafiya, domin gidan da ya zauna shekaru 30 da suka wuce ya kuma tsaya cak ya fi wanda ƙaramar tsagarsa ke ƙaruwa kowace damina. Tun da an cike taka da siminti an bi da fenti, injiniyan kirki zai nemi a kankare wurin ya ga ainihin faɗinta, zai duba ko cikon ya sake tsagewa, zai gwada ko ƙofofi da tagogin ɓangaren suna cijewa, zai kuma auna daɓen ɗakin ya ga ko ya karkata.

Daga nan za ka gane cewa duba na gaske ba aikin minti 20 ba ne. Mai duba zai hau cikin silin da fitila ya ga katakon rufi, ya soka shi da ƙarfe don ya san ko gara ta cinye cikinsa ta bar fanko, ya nemi tabon yoyo a ƙarƙashin kwano. Zai duba linta da duk wani kankare ya ga ko rodi ya yi tsatsa, domin rodi idan ya yi tsatsa kumbura yake yi ya fasa kankaren da ya lulluɓe shi. Zai kalli gindin bango ya nemi farin garin nan da ke fitowa inda danshi ke hawa daga ƙasa yana ɓare fenti. Mafi muhimmanci a gare ka, zai nemi izini a haƙa ƙaramin rami ɗaya ko biyu a jikin gini daga waje don a ga zurfin harsashi da faɗinsa da irin ƙasar da yake zaune a kai. Wasu masu gida ba sa son wannan, kuma haƙƙinsu ne su ƙi, amma idan ka yi alkawarin mayar da wurin yadda yake kuma aka dage a kan ƙi, to ka sanya wannan ƙin a cikin lissafinka.

Batun bene kuwa, ina so ka cire shi daga zuciyarka har sai an yi wannan haƙa. Yawancin gidaje marasa bene na wancan zamani an gina su ne don su ɗauki nauyin kwano da katako kawai, babu ginshiƙan kankare a kusurwoyi, bangon ciki kuma sau da yawa bulo ne mai inci 6. Zuba dekin a kan irin wannan gini ba tare da lissafi ba ganganci ne da rayukan yaran da kake son yi wa ɗakunan. Ana iya ƙarfafa gini da sababbin ginshiƙai masu harsashinsu, amma wani lokaci kuɗin hakan yana kusa da na rushewa a sake. Ka rubuta wa injiniyan wannan tambaya ƙarara, ya amsa maka a rubuce, kuma ka sani ko ya ce zai yiwu sai ka nemi amincewar hukumar tsara birane ta jiha kafin a ɗora.

Akwai abubuwa biyu da injiniyan gini zai iya nuna maka amma ba shi zai yanke hukunci a kansu ba. Na farko wayarin. Gidan da aka ja wa waya don ƙwan fitila da fanka da rediyo ba zai ɗauki na'urorin sanyaya ɗaki da firji da injin jan ruwa ba, kuma daga irin wannan ne gobara ke tashi a cikin silin. Ka nemi mai aikin lantarki da ke da takardar shaida daga hukumar NEMSA, mai kula da ingancin aikin lantarki, ya gwada wayoyin, ya tabbatar akwai wayar kariya da ake binnewa a ƙasa, sannan ka nemi takardar kuɗin wuta ta ƙarshe ka je ofishin kamfanin rarraba wuta na Kaduna, wanda Sakkwato ke ƙarƙashinsa, ka ga ko akwai bashi a kan gidan. Na biyu silin ko rufin asbestos, wanda aka yi ta amfani da shi a shekarun 1970 da 1980. Muddin yana zaune lafiya ba a taɓa shi ba haɗarinsa kaɗan ne, amma ƙurarsa idan aka fasa ko aka yanka tana jawo mummunar cutar huhu bayan shekaru, don haka kada a bar yara ko leburori su farfasa shi da guduma ranar gyara.

Duk abin da aka gani ya zo maka a rubuce, da hotuna, da sa hannu da hatimi da kwanan wata, a rarrabe abin da dole a gyara kafin a tare a gidan da kuma abin da zai iya jira, a kuma faɗi wuraren da ba a samu damar dubawa ba. Maganar baka ba ta da amfani a gaban mai gida, ballantana a gaban alƙali, alhali rubutaccen rahoto shi ne zai ba ka bakin neman ragi. Idan ba ka san inda za ka fara nema ba, reshen Sakkwato na ƙungiyar injiniyoyi ta ƙasa, NSE, zai iya haɗa ka da mambobinsa na wannan fanni, haka nan za ka iya tambaya a sashen koyar da aikin injiniya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi.

Wani abu da ya shafe ka kai tsaye, Malam, shi ne hukuncin aibi a shari'a. Wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, kuma mai saye yana da haƙƙi idan ya gano ɓoyayyen aibi da ya riga ciniki, ko da yake malamanmu na Malikiyya sun bambanta tsakanin ƙaramin aibi da babba a sha'anin gida. Amma aibin da mutum ya gani da idonsa ya kuma ci gaba da ciniki, ya yarda da shi ke nan. Kai ka riga ka ga tsagar, don haka lokacin magana a kanta yanzu ne. Kada ka ba da kafin alƙalami sai an rubuta a gaban shaidu cewa za a mayar maka da kuɗinka idan rahoto ya nuna babban aibi. Takardun gida kuma aikin lauya ne, ya je ma'aikatar filaye ya bincika sunan da ke kan takardar mallaka da ko an jinginar da ita a banki, domin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta shar'anta amincewar gwamna kafin a sauya mallakar filin da ke da irin wannan takarda.

TAMBAYA: Malam, ni bazawara ce mai 'ya'ya, ina son sayen wani gidan ƙasa a cikin tsohon gari, wajen Ƙofar Rini, kusa da 'yan'uwana. Ginin tubali ne mai rufin azara, an ɗora kwano a sama, an kuma shafe bangon da siminti. Gidan gado ne, babban ɗan marigayin ne yake sayarwa. Shin ni ma injiniya zan nema?

AMSA: Hajiya, Allah ya raya zuriya, ya jiƙan mai gida. A naki gidan ba da injiniya zan fara ba. Karatun yawancin injiniyoyinmu a kan siminti da rodi aka gina shi, kuma wanda bai taɓa aiki da tubali ba yana iya yanke wa lafiyayyen soro hukuncin rushewa, ko ya wuce ta gaban wanda ke dab da faɗuwa bai gane ba. Ki nemi dattijon magini na gargajiya wanda ya yi shekaru yana ɗora azara da hannunsa, ta hanyar mai unguwa ko dattawan sana'ar, da sharaɗin da na gindaya wa mai tambayar farko: ke za ki kira shi, ke za ki sallame shi, kuma kada ya zama mai yi wa magadan aiki.

Abin da ya fi damuna a bayaninki shi ne shafen siminti. Bangon ƙasa yana shan danshi yana kuma fitar da shi, siminti kuwa yana toshe masa hanya, sai ruwan da ya shiga ta wata 'yar kafa ya zauna a ciki yana narkar da ƙasar alhali waje yana nan sumul. Magini zai bi bangon yana ƙwanƙwasawa, inda ya ji amon fanko ya san shafen ya rabu da jikin ginin, kuma zai nemi a ɓare wuri ɗaya a gindin bango ya ga yawan abin da ya zaizaye. Bayan haka sai kawunan azara, wato inda suka shige cikin bango. Azarar giginya tana jure wa gara ƙwarai, amma idan kanta ya daɗe a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa ruɓewa yake yi, tsakiyarta kuwa tana nan kamar sabuwa, shi ya sa mai kallo daga ƙasa ba ya ganin komai. Zai duba ko rufin ya yi ciki, ko an yi ta ƙara yaɓe bisa yaɓe kafin zuwan kwano har nauyi ya yi yawa, da kuma inda ruwan kwanon yake zuba yanzu da indararo ya daina aiki, domin sau da yawa a gindin bango yake sauka.

Gidajen tsohon gari suna da wasu matsaloli nasu da sai an tambayi maƙwabta. A tambaya ko akwai tsohuwar rijiya ko salga da aka cike aka gina ɗaki a kai, domin irin wannan wuri yana iya burmawa bayan shekaru. A tambaya wace katanga ce ta gidan, wace ce ta tarayya da maƙwabci. A kuma duba ko titi ko lungu ya fi daɓen zaure tudu, abin da ke faruwa idan an yi ta ciko a waje, har ruwan sama ya riƙa komowa cikin gida. Idan akwai sashen da aka gina da bulo aka jingina shi da tsohon bango, ko aka zuba kankare a wani wuri, to a nan ne za ki ƙara da injiniya, su duba tare.

Sai dai, Hajiya, batun gadon ya fi na bangon gaggawa. Kasancewar mutum babban ɗa ba ta ba shi ikon sayar da rabon ƙannensa da na matan marigayin ba. Ki nemi takardar rabon gado daga kotun shari'ar Musulunci, ko rubutaccen wakilci daga dukkan magada, har da matan da ke gidajen aurensu da waɗanda ke wasu garuruwa, idan kuma akwai marayu ƙanana to sai da sanin alƙali. Ki kuma sani cewa idan rabonsa kaɗai ya sayar miki a gidan da ba a raba ba, sauran abokan tarayyarsa suna da haƙƙin shufu'a, wato su biya ki abin da kika biya su karɓi rabon. Kada ki kashe ko sisi a kan duba gini sai wannan ya warware.

TAMBAYA: Ina aiki a Kaduna, ƙanena ya samo mini gida a gefen gari ta wajen fadama, ya turo mini bidiyonsa ta waya. Yanzu muna watan Maris, mai gidan yana gaggawa. Bidiyon bai isa ba?

AMSA: Bai isa ba, ɗan'uwa, wannan cinikin biri a sama ne. Bidiyo yana nuna inda mai ɗauka ya juya waya ne kawai, kuma watan Maris shi ne lokacin da kowane gida a Sakkwato yake bushe, babu yoyo babu danshi. Wanda ya samu hali ya duba tsohon gida a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi, zai ga abin da ba a gani da rani. Idan ba za a jira ba, mai duban da ka ɗauka ya nemi sawun damina: layin da ruwa ya bari a jikin katanga, tabo a silin, tsatsa a gindin ƙofar ƙarfe, dokin ƙofa da aka ƙara wa tsawo, da sabon fentin da aka yi wa ƙasan bango kaɗai. Tun da gidan yana kusa da fadamar gulbin Rima, ya zauna da dattawan unguwar ya tambaye su inda ruwa ya kai a ambaliyar watan Satumba na 2010, wadda ta yanke gadar da ke kan hanyar jami'a, da kuma abin da suka gani a damunan da suka biyo baya. Idan akwai rijiya a gidan, a auna tazararta da masai da sokawe, naka da na maƙwabta, domin masana lafiya suna son a samu kusan mita 30 a tsakani, abin da ke da wuya a ƙananan filaye, don haka a kai ruwan a gwada kafin a sha.

Gaggawar mai gida ba dalili ba ce na tsallake ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ka ɗauki injiniyan da kanka, ka yi magana da shi ta waya kafin ya je da bayan ya dawo, ƙanenka ya tsaya a wurin har a gama, kuma rahoton ya zo hannunka kai tsaye ba ta hannun dillali ba. Idan ranar duban ta faɗo ƙarshen mako, ka yi ƙoƙari ka hau mota ka zo da kanka.